Yaro ma fasinja ne

Masu karatu, duk wanda yake son ya ga ƙasar Nijar a dunƙule, ba sai ya wahalar da kansa da littattafan ƙidaya ba. Ya tashi kafin kiran sallar asuba cikin watan Yuli, sa'ad da aka rufe lakwal aka shiga babban hutu, ya je tashar kowane kamfanin sufuri a Yamai, ya tsaya bakin ƙofar bis ɗin da zai yi gabas. Zai ga ɗalibai da jakunkunansu, da ƴan kasuwa da ƙullin kayansu, da tsofaffin da suka zo neman magani za su koma gida. Amma abin da zai fi gani shi ne yara: na goye, na hannu, na kafaɗa, da waɗanda barci bai sake su ba ana jan su suna tuntuɓe. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mun haura miliyan 17, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyu bai cika shekara 15 ba. Wannan lissafi, a bakin ƙofar mota ake ganinsa da ido.

Sai dai in ka leƙa takardar fasinjoji da ke hannun yaron mota, da yawa daga cikin yaran nan babu su a ciki. Al'adar tashoshinmu ita ce ƙaramin yaro ba ya biyan kuɗin mota. Tun da bai biya ba, ba shi da kujera. Tun da ba shi da kujera, cinyar uwarsa ce mazauninsa daga Yamai har inda Allah ya nufa. Muna ɗaukar wannan rangwame ne, kuma lalle rangwame ne, domin ba don shi ba da iyalai da yawa ba su taɓa kai ƴaƴansu gida ba. Amma kowane rangwame da wanda yake biyansa a ɓoye. A nan uwa ce ke biya da ƙafafunta da bayanta, yaro kuma ya biya da idonsa, domin abin da zai gani cikin tafiyar kusan kilomita 900 bai wuce bayan kujerar da ke gabansa ba. Maganata a wannan mako guda ɗaya ce: yaro ma fasinja ne.

Ni mutumin Damagaram ne, aiki ya zaunar da ni Yamai. Ƴaƴana uku duk a nan aka haife su. A tafiyarmu ta bara, babbar ɗiyata tana da shekara 7, ƙanenta 5, auta kuwa bai daɗe da cika 2 ba. A lakwal Faransanci suke ji, a bakin titi Zabarmanci, Hausa kuwa sai a cikin gida, ita ma ta sha gauraye. Mahaifiyata tana unguwar Birni, kuma gwiwoyinta sun daina yarda da doguwar tafiya. Saboda haka kowace damina, bayan an kwashe kwanonin tuwo yara sun yi barci, tambaya ɗaya ce ke zama tsakanina da uwar yaran: bana za a je, kuma in za a je, kujera nawa?

Wanda bai taɓa riƙe gida da albashi ɗaya ba zai ce wannan ƙaramar tambaya ce. Kujera biyu, ni da ita, kowa ya ɗora yaro guda a cinya, babbar ta matsa a tsakani: wannan shi ne lissafin da aljihu yake so. Kujera huɗu zuwa da dawowa, ga tsaraba, ga abin da za a bari a hannun tsohuwa, ga littattafai da tufafin lakwal suna jira a watan Oktoba: wannan lissafi yana cinye abin da aka daɗe ana tarawa. Wani abokin aikina ya taɓa ce mini: "Malam, aika wa tsohuwa kuɗin motar nan mana, ta sayi buhun hatsi. Yara kuma ta gan su a waya." Maganarsa ba ta wauta ba ce, domin tsakiyar damina ne rumbuna ke yin ƙasa, hatsi ya yi tsada, wayar zamani kuma tana nuna fuska. Amma kaka ba ta iya ɗaga jika ta waya ta ji ko ya yi nauyi, jika kuma ba ya jin ƙamshin ɗakinta. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Uwar yaran ce ta yanke maganar, ta ce: "In za mu je, mu je kamar mutane. A rage tsaraba, a ƙara kujera." Tun daga ranar tsaraba ta koma sabulu da ganyen shayi da turmin atamfa ɗaya, kujeru suka zama huɗu, auta kaɗai ake karɓa-karɓa.

Na gane abin da take nufi, domin ni ma ɗan cinya ne. Ina ƙarami, shekarun da suka biyo bayan karyewar darajar sefa a 1994, mahaifiyata kan tafi da ni Maraɗi wurin ƴar uwarta, cikin ƙananan motocin nan da ake cusa wa mutane fiye da kujerunsu. Abin da ya rage mini na waɗannan tafiye-tafiye abu uku ne: warin man fetur, da bayan rawanin wani dattijo, da yadda mahaifiyata kan zauna a ƙasa cikin tasha idan mun sauka, tana jiran jini ya dawo ƙafafunta kafin ta iya miƙewa. Da na isa ajin ƙarshe na firamare, mushe ya sa mu haddace garuruwan da ke kan babbar hanya, sai na haddace Takeita da Tasawa da Gazawa kamar sunayen garuruwan Faransa, alhali kuwa na ratsa kowannensu ya fi sau shida.

Tafiya da yara tana farawa kwana uku kafin ranar tashi, kuma a nan ne mai gida yake gane cewa iliminsa na lise bai kai na matarsa ba. Takardun haihuwa su ne farko, cikin leda don gudun ruwa, domin a shingayen jami'an tsaro ana iya tambayar shaidar yaro. Sai karnen rigakafi. Sai katin maganin kariya daga masassarar cizon sauro, wanda aka fara rabawa a ƙasarmu a 2013 ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata na damina, a sha kwana uku a jere. Masu rabawa gida-gida suke bi, saboda haka yaron da ya yi tafiya yana iya kuskure zagaye. Katin ne ke sa a ba shi a inda ya sauka. Bayan takardu, gidan sauro, da zanne uku na canji, da ledoji, da buta, da ƙaramin fo na auta. Akwai kuma wani shiri da maza da yawa ba su san da shi ba: mata masu doguwar tafiya sukan daina shan ruwa tun daren jajibiri, don sun san inda mota ke tsayawa babu inda mace za ta zagaya cikin sutura. Mai shayarwa ma haka take yi, cikin zafin da kowa ya sani.

Mun tashi da duhu. Gari ya fara wayewa muna gab da Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, bis ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ɗana, wanda ya manna goshi a taga tun daga bakin gari, ya ƙwalla ihu: "Baba! Raƙumi ya hau itace!" Wuyan raƙumin dawa ne ya hango ya zarce kan itatuwa. Kan ka ce kwabo rabin mota ta juya. Wani ɗan kasuwa da ke bayanmu ya ce shekara da shekaru yana bin hanyar nan, bai taɓa ɗaga kai a wurin ba. Waɗannan su ne raƙuman dawa na ƙarshe irinsu da suka rage a Afirka ta Yamma. A 1996 ba su kai 50 ba. Da aka kare su, mutanen karkarar kuma suka yi haƙuri da ɓarnar da suke yi wa wake, sai da suka haura 600. Tun harin watan Agusta na 2020 da ya ci rayuka 8 a wannan daji, baƙi masu zuwa kallo suka janye. Ga yaran Yamai da yawa, tagar bis ce kaɗai damar da ta rage ta ganin dabbar da ke cikin littafinsu na karatu. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma a mota babba barci yake yi.

Daga Dosso, garin Zarmakoy, hanya ta karkata zuwa Dogon Dutsi, kuma a nan ɗiyata ta gano wani abu da babu mushen da ya koya mata. Ƴan tallar da suka kewaye mota a Dosso da Zabarmanci suke kira. Waɗanda suka kewaye ta a Dutsi da Hausa. Ta juyo ta ce: "Baba, nan kowa yana maganar gida." A tunaninta, Hausa wani abu ne namu na cikin ɗaki, kamar tabarmar salla. Daga nan har faɗuwar rana kunnenta bai huta ba: Hausar Arewa, da ta Adar da Gobir, da ta Katsinawan Maraɗi, har zuwa ta Damagaram, kowace da karinta. Ta ji ana cewa "shina zuwa" inda ta saba jin "yana zuwa" a rediyo, ta yi dariya, ta kwaikwaya, wata tsohuwa ta gyara mata. A yini ɗaya ta gane cewa harshen uwarta yana da faɗin ƙasa.

Hanyar nan kuma tana da nauyin tarihi, kuma uba yana auna abin da kan ɗiya mai shekara 7 zai ɗauka. Kusan sawunta ne ayarin sojan Faransa na Bule da Shanuwan ya bi a 1899, yana ƙone garuruwa. A ƙasar Arewa, a Lugu, Sarauniya ta tsaya musu cikin watan Afrilu. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau jikokin waɗanda suka tsira ke ba da labarinsa. A watan Yuli sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su, kaburburansu suna Maijirgi, gaba da Tasawa. Ragowar ayarin ya ci gaba, ya gwabza da mayaƙan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen wannan wata, sannan ya shiga birni. Ban zayyana mata duk wannan ba. Na nuna mata dutsen Dogon Dutsi na ce akwai wata mace a ƙasar nan da ta ƙi sunkuyawa; na nuna mata Ƙonni na ce garin nan an taɓa ƙone shi, mutanensa suka sake gina shi. Sauran zai zo a aji. Amma ranar da zai zo, zai tarar da hoto a kanta yana jiransa.

Bayan Ƙonni sai mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa da Agadas ke rabuwa, sai masana'antar siminti ta Malbaza, sai Galmi da buhunan albasarta wadda sunanta ya kai har kasuwannin bakin teku, sai Madawa da kilishi da tabarmi. Damina lokacin ƙwan zabi ne, kuma duk inda mota ta rage gudu faranti ne ke tasowa zuwa taga. Masu riƙe da farantan nan yawancinsu yara ne. A wani gari wata yarinya sa'ar ɗiyata ta bi bis da gudu don ta karɓi canjin da ya rage mata, farantin na rawa a kanta. Ɗiyata ta daɗe tana waiwaye, sannan ta tambaye ni: "Baba, ita ba ta hutu?" Na ba ta amsar da zan iya, kuma na san ba ta gamsu ba. Na fi son ta riƙe wannan tambaya da ta girma ba ta taɓa yin ta ba. Da a cinya take, fuskarta na kallon bayan kujera, da ba ta ga yarinyar ba.

Kada mai karatu ya zaci ina zargin iyayen da ba su sayi kujera ba. A jerinmu, ɗaya gefen, akwai wata mata da ta shiga a Dosso za ta Tasawa, da yara uku da tikiti ɗaya: ɗaya a ƙirji, ɗaya a cinya, ɗaya a tsaye tsakanin gwiwoyinta. Mijinta yana ci-rani, uwarta ba lafiya, abin da ke hannunta ke nan. Ba a yi nisa ba wani malami ya miƙa hannu ya ce: "Kawo shi nan, baiwar Allah." Wata hajiya ta karɓi na biyu. Uwar yarana ta matsar da ɗiyarmu, aka raba kujera da taga tsakanin yara biyu, kafin Madawa sun zama ƙawaye suna cin gujiya a leda ɗaya. Ɗa na kowa ne, kuma a cikin motocinmu wannan karin magana tana da rai. Na yi imani babu ƙasa da yawa da baƙo zai riƙe maka ɗa na tsawon kilomita 300, yaron ya yi masa fitsari a riga, ya yi dariya ya ce albarka ce.

Amma kirkin fasinjoji bai kamata ya zama madogarar masu mota ba. Hannun uwa, komi ƙarfinsa, ba ya riƙe yaro idan direba ya taka birki da ƙarfi saboda jaki ko rami. Yaron ne ke fara isa ƙarfen kujerar gaba, nauyin babba kuma ya biyo bayansa. Yaron da ke tsaye a tsakiyar mota, ko zaune a kan jarka, ba shi da abin kamawa ko kaɗan. Kuma yaron da ba a rubuta sunansa ba, idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, babu takardar da ta san ya shiga motar. Muna rubuta buhun albasa, mu manna masa lamba, mu ba mai shi rasit. Ɗan mutum kuwa sai ya ratsa jihohi biyar babu alƙalamin da ya taɓa shi.

Sai maganar tsayawa. Direba yana da lokacin da aka yanka masa, ban ga laifinsa ba. Amma mintocin da ake bayarwa an auna su ne da namiji mai lafiya, wanda zai zagaya bayan bango, ya yi alwala, ya yi salla, ya sayi tsire, ya dawo. Uwa mai yara uku a cikin mintocin nan za ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ta nemi wurin da za ta tsugunar da su, ta wanke, ta canza zane, ta ɗebi ruwa. Kafin ta kai ga kanta an fara oda. Na ga mata sun koma mota ba su yi salla ba, ba su sa komi a baki ba. A manyan garuruwa wasu tashoshi suna da makewayi, wani da ruwa, wani babu. A tsakanin gari da gari kuwa sai daji, kuma yaro bai san jadawalin kamfani ba. Idan ya ce ya matsu, uwar ce ke shan kunyar ɗaga murya, wani lokaci har da tsakin wasu fasinjoji, kamar su ba a taɓa goya su ba.

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, daga Maraɗi zuwa gaba tafiya ta daina zama makaranta, ta koma jarrabawa. Rana ta karkata, ruwan leda ya yi ɗumi, auta ya amayar da abin da ya ci a rigata, na tsakiya ya tambayi ko mun iso sau ba adadi. Na so in nuna musu gulbin da ambaliyarsa ta 1945 ta sa aka tayar da garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu, amma babu mai saurare. Gonakin hatsi suna wucewa kore shar, Agye, Gazawa, Tasawa, babu mai kallo. A nan ne amfanin kujera na biyu ya bayyana: yaro ya miƙe ƙafa ya yi barci, uwa ta sami hannu ɗaya da za ta sha ruwa. Da muka hangi fitilun Damagaram bayan isha'i, ita ce ta fara miƙewa, ta sauka da ƙafafunta.

Tsohuwa tana zaure tun la'asar. Ta kama ɗana ta ce: "Mijina, sai yau? Ina kuɗin cefane?" Ta dubi ɗiyata ta ce: "Ke kuma kishiya, kin zo ƙwace mini miji?" Yaran suka tsaya sororo, domin a Yamai babu wanda ya taɓa yi musu wasan jika da kaka. Kwana uku suna laɓewa bayan uwarsu. A na huɗu na ji ɗana yana ce mata ba zai biya cefane ba sai ta yi masa fura. Cikin mako uku bakinsu ya sake. Sun koyi sunayen abubuwan da babu su a gidan haya: rumbu, akurki, turmi, maburgi. Sun koyi durƙusawa a gaida manya, sun san wane ne kawu, wace ce gwaggo, da dalilin da ya sa. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Doka tana da nata aiki a ofis da lakwal, amma sa harshe a bakin yaro aikin kaka ne, ita kuwa kaka sai an je inda take.

Abin da ake zuwa gani ma ba ya jira. Damagaram ta riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926, kuma unguwar Birni da fadar Sarki da gidajen Zango masu zane a goshi suna cikin abin da kowane ɗan Nijar ya kamata ya gani. A farkon Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Ɗiyata ta gan shi a tsaye, ta taɓa bangonsa, tana iya ba da labari. Auta sai dai ya ji a bakinta. Tsakanin yaran nan biyu shekara biyar ce kacal. Duk uban da ke cewa bari su ƙara girma, ya tuna cewa ginin ƙasa da tsofaffi ba su yi alkawarin jiran kowa ba.

To, me nake roƙo? Daga kamfanonin sufuri, abu uku da ba su fi ƙarfinsu ba. Na farko, a yi wa yaro tikiti na rabin kuɗi mai kujera, a rubuta farashin a bango kowa ya gani, domin uba mai ƙaramin ƙarfi ya sami tsaka-tsaki tsakanin cikakken kuɗi da cinya. Na biyu, a rubuta sunan kowane yaro a takardar fasinjoji, ko da na goye ne, ko da bai biya dala ba. Na uku, a ƙara ƴan mintoci a wuraren tsayawa, a fara saukar da masu yara, a tanadi makewayi na mata da ruwa a ciki. Kamfanin da ya fara yin haka ba zai yi asara ba, domin mata ne ke zaɓen motar da iyali zai shiga, kuma labari a bakinsu ya fi talla a rediyo saurin tafiya. Daga magabatan gari kuwa, magajin kowane gari da ke kan babbar hanya ya dubi inda motoci ke tsayawa a garinsa, ya tambayi kansa ko zai yarda matarsa ta sauka a wurin.

Sauran magana tamu ce, mu iyaye maza. Da yawa daga cikinmu mun iya kai iyali tasha, mu biya kuɗi, mu ɗaga hannu, mu koma majalisa da shayi. Bayan wata guda mu je tarye. Wanda aiki ya riƙe, uzurinsa a fili yake. Wanda kuwa yake da hali, ya shiga motar nan ko sau ɗaya, ya riƙe ɗansa daga Yamai zuwa Ƙonni, zai sauka da wani sabon girmamawa ga uwar ƴaƴansa. Kuma fita da yara ba sai doguwar tafiya ba. Gidan tarihi na Bubu Hama yana nan a tsakiyar Yamai tun 1959, da zakuna da dorina, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a hamada, da itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Mutumin Tawa yana da tabki da kasuwa, na Maraɗi yana da bakin gulbi, na Damagaram yana da duwatsu da lambunan Mirya. Yammacin Lahadi ɗaya, da kuɗin taksi, da haƙurin amsa tambaya: abin da ake bukata ke nan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna son yaran nan su girma su ƙaunaci ƙasar nan, su zauna a cikinta, su gyara abin da muka kasa. Mutum kuwa ba ya ƙaunar abin da bai gani ba. Wanda yake da halin kujera, ya saya wa ɗansa, ya zaunar da shi wajen taga. Wanda ba shi da hali, Allah ya hore masa, mu kuma da ke kusa da shi mu matsa. Masu shirin tafiya a wannan hutu, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ku tarar da na gida lafiya.